Baba bai so a tura shi ba

Mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tura mutane a Harami. Tsofaffin alhazai da marasa lafiya yake ɗorawa a keken turawa, wanda a nan Makka muke ce wa arabiyya, ya yi ɗawafi da sa'ayi da su yana ta "Tarik ya hajj, tarik!" don a ba shi hanya. Da wannan ya ciyar da mu a unguwar Hindawiyya. Ko a gida, in muka tare ƙofa, da tarik ɗin yake korar mu.

Lokacin da aka kawo kekuna masu lantarki, waɗanda mutum ke tuƙa kansa, babu irin sababin da bai yi ba, wai an zo a raba talaka da abincinsa. Sai ga shi gwiwoyinsa sun gaza, har Juma'a ta soma wuce shi a ɗaki. Wata rana ya kira ni, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ya waladi, ɗana, wannan ta'min da ka sa ni a ciki, yana sayen mai lantarkin nan?"

"Baba, abin da ka sha tsine wa?"

"Halas, ya wuce, na yafe masa."

Muka yi dariya, amma na gane nufinsa. So yake ya kai kansa sallah, ba a tura shi ba.

Ta'min ɗin inshorar lafiya ce. Likita ya tabbatar da ciwon, na yi ta zarya ofishinsu kamar mai neman aure. A ƙarshe wani ma'aikaci ya yi mini bayani cikin ladabi: suna biyan abin da ya zama dole ne, mai lantarki kuwa jin daɗi ne, tunda hannuwan Baba lafiya lau kuma yana da ɗa. Ladabin nan ya fi komai ƙona mini rai. Sayensa da aljihuna kuwa ya fi ƙarfin mai tsaron shagon dabino irina a unguwar Jarwal.

Suka ba mu arabiyya sabuwa fil, sak irin wadda ya tsufa yana turawa.

Baba ya duba tayoyin, ya gwada birki, ya ce mai kyau ce. Amma ya ƙi zama. Sai ya riƙa kama ta ta baya yana dogarawa, yana tura ta ba kowa a ciki zuwa masallacin unguwa, maƙwabta na tsokanar sa wai ya koma bakin aiki. Ni kuwa in na hango shi sai in kau da kai, don tausayi ba ya barin in kalla.

Da ƙafar ta ƙi sam, ya zauna. Na kai shi Harami ranar Juma'a, jama'a maƙil. Na yi ta kutsawa da shi, ban iya cewa tarik ba. Sai da muka shiga ciki sosai, sannan ya ɗago hannu na sunkuyo.

"Ina Ka'abar take?"

"Ga ta nan gabanmu, Baba."

"Ni bayan mutane kawai nake gani." Ya sauke hannunsa. "Duk waɗanda na tura, babu wanda ya taɓa gaya mini."

Bai sake cewa a kai shi ba. Arabiyyar tana nan a naɗe bayan ƙofarmu, robar hannunta ta fi mazauninta cinyewa.