Abiko Tatsuji, Mai Riƙe da Sunan Kurumizawa

Haihuwa da Asali

An haifi Abiko Tatsuji a watan Afrilu na shekarar 1946 a Kurumizawa, wani ƙauye da ke maƙale a gindin duwatsun lardin Yamagata. Mahaifinsa, Abiko Kanji, manomin shinkafa ne, sunan mahaifiyarsa Mitsu. Kasancewar shi ne ɗan fari, tun yana goye aka san cewa gona da kula da kabarin kakanni a wuyansa suke.

Karatu

Ya shiga firamare a shekarar 1953, ya kammala ƙaramar sakandare a 1962, a daidai zamanin da masana'antun Tokyo suke kwasar yaran karkara a jirgin ƙasa da zarar sun ajiye alƙalami. Sa'o'insa maza duk suka tafi, kamar yadda yayyensu suka riga su, ƙannensu kuma suka bi bayansu. Tatsuji ya raka su tasha, ya dawo ya ɗauki fartanyarsa. Ba shi da wata shahara a karatu, amma fa akwai ƙafa.

Sana'a da Gudun Kaka

A kowace kaka, bayan an yanke shinkafa, ƙauyukan gundumar sukan haɗu a filin makaranta domin wasanni, kuma ƙololuwar taron ita ce gudun karɓa-karɓa, inda ake miƙa ƙyallen da ake ratayawa a kafaɗa, kowane ƙauye da launinsa. Ƙa'idar ita ce kowane ƙauye ya kawo mutum ɗaya daga kowane rukunin shekaru: matashi, ɗan ashirin, ɗan talatin, har zuwa tsofaffi. Ƙauyen da ya gaza cike gurbi ɗaya, sai a haɗe shi da maƙwabcinsa, ya yi gudu da launin wasu, ba a ƙara kiran sunansa.

To, a tsarar Tatsuji babu kowa a Kurumizawa sai shi. Saboda haka tun daga 1966 duk rukunin da ya shiga, shi ne na farko shi ne na ƙarshe. In ya yi mura, ƙauye ne ya yi mura.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1972 ya auri Fusako, 'yar wani mai gonar tuffa daga Shimoda, ƙauyen da ke ƙasa da su, wanda kuma shi ne babban abokin hamayyarsu a fili. Sun haifi Makoto a 1974, Yukari a 1977, sai Shinji a 1981. A tsawon waɗannan shekaru aka rufe makarantar ƙauyen, kanti ya bi baya, bas ta daina hawowa, yaran su ma suka watse birni. Wuri ɗaya ya rage da ake jin kalmar Kurumizawa a lasifika, wato ranar gudun nan.

Raunin Shekarar 2004

A watan Oktoba na 2004, yana da shekara hamsin da takwas, Tatsuji ya shafe mako yana duƙe a gona, ya zo fili ya zauna a rumfa cikin sanyi, ya ci shinkafarsa da kifi, ya ɗan taɓa giya kamar kowa. A wurin dattawan wannan yanki, miƙe jijiyoyi a gaban jama'a kafin gudu tamkar shelar tsufa ne, don haka daga kan tabarma kai tsaye ya nufi layi. Bai yi nisa ba ya ji kamar an maka masa sanda a bayan diddige. Har ya waiga ya ga wane mara kunya ne, bai ga kowa ba. Agararsa ce ta tsinke. Da rarrafe ya ƙarasa ya miƙa ƙyallen, fili ya ɗauki tafi, wasu mata har da hawaye.

Aka yi masa tiyata a asibitin gunduma, aka ɗaure ƙafar na wasu makonni, sannan aka miƙa shi sashen gashin ƙashi, hannun wata Umetsu Kaori, mace mai tattausan hannu da kaifin harshe. A wannan wata ɗakinta cike yake da ribar wasanni: mai targaɗe a idon sawu, mai tsokar cinya da ta yage, mai gwiwa a kumbure, da wani da ya karya wuyan hannu wurin jan igiya.

Ta dubi ƙafar ta ce, "Kai ne Baban da aka yi wa tafi? Sannu da ƙoƙari. Wannan tafin naku shi ke cika mini gadaje kowace kaka."

Jinya

Abin da ta fara ba shi ya ƙona masa rai matuƙa. Namijin da ya yi shekara talatin da takwas yana gudu, aka shimfiɗa masa tawul a ƙasa aka ce ya tattaro shi da yatsun ƙafa! Daga nan sai jan roba, sai tafiya cikin ruwan ɗumi, sai dafa bango a ɗaga diddige sannu a hankali. Kullum ta tambaye shi ko da zafi, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Malama." Mutanenmu sun ɗauki faɗin ciwo abin kunya, kuma Tatsuji ya fi kowa wannan hali.

Da bazarar 2005 ta shigo, sai ya lallaɓa ya shiga taɓon gona shukar shinkafa ba da izini ba. Ƙafa ta kumbura, ya rufe ta da safa. Fusako ce ta tona shi, a gabansa kuwa.

"Malama, ƙarya yake yi miki. Da safe sai ya riƙe ƙofa yake miƙewa."

"Ke Fusako, wa ya tambaye ki? Mutuniyar Shimoda, ai dama so kike mu faɗi."

"In ka gurgunce, Baban Makoto, ni zan goya ka ko Kurumizawar?"

Umetsu ta mayar da shi baya, aka sake daga tawul. Da kaka ta gabato ta yanke hukunci: agarar ba za ta ɗauki gudu ba bana. In ya yi, za ta iya sake tsinkewa, kuma shi da fili har abada.

Ya ce, "To, ki ce in bari a shafe sunan garinmu ke nan."

Ta ce, "Ni ban ce ba. An rubuta a miƙa ƙyalle ne, ko an rubuta a yi gudu? Ka taka da ƙafa."

Wannan magana ta yi masa ɗaci ƙwarai, domin a ganinsa rarrafe jarumta ce, tafiya kuwa a gaban gunduma duka zubar da mutunci ne. Ya yi kwanaki ba ya kula kowa a gida. Amma ranar gudun 2005 ya karɓi ƙyallen ya fara takawa, kansa a sunkuye, kunnuwansa jawur. Babu wanda ya tafa. Daga rumfar Shimoda wani surukinsa ya ɗaga murya: "Tatsuji, in ka iso ka gaishe mana da baɗi!" Fili ya kwashe da dariya. Bai ƙara sauri ba ko kaɗan. Kurumizawa ta zo ta ƙarshe, da rata mai ban kunya, amma an kira sunanta.

Shekarun Baya

A 2006 ya koma gudu, ba irin na da ba, kuma bai ƙara fashi ba. Ya kuma tsiro da wata al'ada da ta ba mutane dariya da farko: kafin a fara, sai ya jera tawagarsa a jikin katanga, tsofaffi da yara, kowa ya miƙe sharaɓarsa. Wanda ya noƙe, ya tuɓe safa ya nuna masa tabo. Da mutane suka ƙara ƙaranci, kwamitin wasanni ya amince a 2012 mata su riƙa cike gurbi. A 2016 Tatsuji ya shiga rukunin 'yan saba'in, kuma har a nan ma babu mai iya zagaye fili a ƙauyen sai shi.

Rasuwa

Ya rasu a watan Yuli na 2018, yana da shekara saba'in da biyu, sakamakon bugun zuciya, a kan hanyarsa ta dawowa daga duba ruwan gona. An ƙona gawarsa bisa al'ada, aka binne tokar a kabarin kakanninsa da ke harabar wurin ibadar ƙauyen. Tun a zaman makoki mutane suka fara raɗa cewa bana sai dai a sa launin Shimoda.

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara, Fusako, mai shekara saba'in da ɗaya, wadda noma ya cinye wa gwiwoyi kuma ba ta taɓa taka layin gudu ba, ta shiga ɗakin Umetsu tana dogara sanda, ta ce ita za ta cike gurbin mijinta bana.

Umetsu ta ce, "Inna, a wata ɗaya? Da waɗannan gwiwoyin?"

Fusako ta ce, "Ai ba gudu na ce ba. Shimfiɗa tawul ɗin."

A watan Oktoba ta zagaye filin da ƙafa, sanda a hannu, 'yan'uwanta na Shimoda suna tsaye sun cire huluna.

Tatsuji ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Makoto, injiniya a Yokohama, Yukari, ma'aikaciyar jinya a Sendai, da Shinji, direban jirgin ƙasa a Niigata, sai jikoki biyar. Dukansu suna rumfa a ranar da Fusako ta zagaye filin, kuma ƙananan jikokin a nan suka fara jin an kira Kurumizawa a lasifika.