Muryar Shoulin a Dutsen Gora

Ƙanena Ran Shoulin, tun yana zanin goyo aka san bakinsa ba zai huta ba. Ni na goye shi, don haka ba labari aka ba ni ba. Mahaifiyarmu takan ce ko a tulun kabeji aka rufe shi, sai ya ja kabejin da hira. Da ya girma ya yi kwandastan bas a nan Chengdu, zamanin da bas ke da kwandasta, har akwai tsofaffin da kan bar motar farko ta wuce su jira tasa don su sha labari. In ya zauna a gidan shayin bakin kogi, mai sakace kunne sai ya roƙe shi ya yi shiru na ɗan lokaci, kada muƙamuƙinsa ya motsa a huda masa dodon kunne. Bai taɓa samun biyan bukata ba.

Mutum ɗaya ce ta iya da shi, matarsa Cuilan. Ita ba mai magana ba ce, amma ta iya saurare. Tana yankan tafarnuwa yana zuba, sai dai ta ce "uhm" a inda ya dace. Da ciwon huhu ya ɗauke ta, gidan ya yi masa faɗi. Ɗansu tilo ya riga ya tafi aikin masana'anta a Shenzhen, in uban ya kira sai ya ji, "Baba, ina bakin aiki, zan kira ka," kiran kuwa sai Sabuwar Shekara. Ana cikin haka aka sa wa motocin na'urar karɓar kuɗi, aka sallami kwandastoci. Wata rana na shiga gidansa ban ƙwanƙwasa ba, na tarar da shi yana yi wa tukunyar shinkafa bayanin yadda aka cuce shi a majan, wasan nan namu mai kama da karta. Na yi kamar ban ji ba, amma abin ya tsaya min a rai.

Ni ina da ɗan masauki a lungunmu, ɗakuna kaɗan da gadaje masu hawa biyu. Masu sauka a wurina yaran nan ne 'yan yawon duniya, kowa da ƙatuwar jaka a baya kamar kunkuru. Su kwana biyu, su ci tukunyar yaji su sha kuka, su yi sammakon ganin panda, dabbar nan mai fari da baƙi da ke cin gora, su wuce. Na ce wa Shoulin ya dawo wurina ya riƙa taya ni shara.

"In ce musu me, Yaya?" in ji shi. "Ba sa jin yarenmu. Ai gara tukunyar, ita ko tururi tana yi."

Bayan 'yan watanni sai ga shi da murna, wai wani abokin majan ɗinsa ya samo masa aiki a duwatsun yamma da gari, inda ake horar da 'ya'yan panda kafin a sake su daji.

"Aikin me?" na tambaye shi.

"Zan zama panda, Yaya."

Na ɗauka shaƙiyancinsa ne, ashe da gaske yake. Ɗan pandan da za a saka a daji ba a so ya san mutum ko kaɗan, don ranar da ya ji ɗan Adam a dawa, gudu ake so ya yi. Wanda ya saba da mutane, ƙafarsa za ta kai shi ƙauye, ya haɗu da karnuka ko tarkon mafarauta. Shi ya sa uwar ce ke rainon ɗanta a gefen dutse da aka kewaye da waya, ma'aikaci kuma ba ya shiga sai cikin rigar panda tun daga kai har ƙafa, an shafe ta da fitsarin panda da kashinsa don ɓoye warin mutum. Ba taba, ba tari, kuma babbar doka, ba magana.

"Kai?" na ce. "Ba magana? Kai ɗin?" Na yi dariya har na ƙware.

"Ki yi dariyarki. Shekara nawa ina magana, wa na samu?"

Nan take dariyar ta tsaya.

Haka ya tafi. Da farko dakon gora kawai yake yi, daga mota zuwa bakin waya, daga baya da suka ga yana da haƙuri da ƙarfin kafaɗa, suka ba shi riga. Yakan sauko gari ƙarshen wata, kuma tun daga bakin lungu hancina ke sanar da ni ya iso. Sabulu ba ya cin wannan warin. A tsakar gida nake ajiye masa kwanon taliyarsa, can kusa da igiyar shanya. Shi kuwa ya kwance bakin buhu, maganar wata guda ta zubo a kwana biyu. Har baƙina yake tarewa, yarinya daga wata uwa duniya tana ɗaure takalmi, yana tsaye a kanta yana zuba, tana gyaɗa kai tana murmushin neman ceto.

Duk zancen kuwa a kan abu ɗaya ne, wata 'yar panda da aka haifa a gefen dutsen da yake kula da shi. Tana da sunanta na ofis, amma shi Awara yake ce mata a ransa, wai fara ce lugub da baƙin ƙuna a gefe, kamar wadda aka manta a kasko.

"Yaya, yau Awara ta hau bishiya ta kasa saukowa, uwar na ƙasa tana cin gora ko a jikinta. Yaya, kin san ta fi son tohon gora na gefen rafi? Na ga ta shinshina na tudu ta yar. 'Yar gayu ce!"

"Ɗanka ma ba ka ba ni labarinsa haka," na ce masa.

"Shi ai ba na ganinsa."

A daminar shekararta ta farko aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da safe ƙasa ta zaftaro daga saman dutsen ta kwantar da wani sashe na wayar. Shoulin ne ya fara isa. Uwar ta tsere sama, ita kuwa Awara waya ta naɗe mata ƙafar baya, taɓo ya kai mata ƙirji, tana ihu tana fizge-fizge, wayar na ƙara shiga naman. Kan rigar nan ba a gani sosai ta cikinsa ko da rana tsaka, balle ruwa na dukansa. Sai ya tuɓe kan ya yar. Ya rungume ta tana cizonsa, bakinsa kuma ya buɗe da kansa, da irin maganar da yakan yi wa ɗansa in zazzaɓi ya kama shi: "Ya isa, ya isa, Baba na nan. Tsaya mana, 'yar ƙaniya, tsaya." Sai ta lafa. Ya warware wayar, ya mayar da kan rigar kafin sauran su ƙaraso. Ba wanda ya gani.

Da ya ba ni wannan labarin na ce ba laifi, rai ya ceta, ko shugabarsu ce a wurin abin da za ta yi ke nan. Sai na ga yana juya taliyarsa bai ci ba.

"Na ƙara, Yaya," ya ce.

"Ka ƙara me?"

"Magana. Kaɗan-kaɗan. In na shiga auna ta, ta cikin rigar, a hankali. Ina kwana, ya ƙafar, irin wannan."

Raina ya ɓaci. "Kai wane irin mutum ne? Kai da bakinka ka faɗa min abin da ke samun wadda ta saba da mutum! Sabo turken wawa ne, Shoulin, ita kake ɗaurewa."

"Na sani."

"To me ya kai ka?"

Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "Abokan aikina yara ne 'yan jami'a, masu ladabi ne, amma in an tashi aiki kowa waya a hannu. In na fara labari sai su ce, 'To, Kawu Ran,' su sa abin kunne. Ita kuwa in na yi magana sai ta daina tauna ta kalle ni. Tun rasuwar Cuilan, wa ya taɓa daina tauna saboda ni?"

Na tashi na shiga kicin na hau wanke kwanonin da na riga na wanke. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba. Ya yi min alkawarin zai daina, kuma na yarda ya yi ƙoƙari, amma hali zanen dutse ne.

Da Awara ta kusa shekara biyu aka sa ranar gwada ta. In ta ci, akwati ne da mota zuwa babban daji, ba waya ba mutum har ƙarshen ranta. Shoulin ya fi kowa son ta ci. Ya sha gaya min sunan dutsen da za a kai ta, da irin gorar da ke can, kamar mai aurar da 'ya gidan arziki. Aka kawo baƙin mutane cikin kayan gida, suka bi gefen waya suna hira da ƙarfi. Awara na jin su ta zabura ta haye bishiya mafi tsawo ta ɓuya cikin ganye. Shugabarsu, Likita Qiao, ta yi murmushi, yaran da ke aiki da ita suna ta ɗaga wa juna babban yatsa.

Shi Shoulin yana can baya, ba riga, yana sauke gora daga mota don kada zuciyarsa ta fashe da jira. Sai igiyar wani dami ta tsinke, gorar ta zubo masa a ƙafa.

"Wayyo ƙafata!" ya ƙwala. "Wane ɗan banza ne ya yi wannan ɗaurin?"

Shi ke nan. Ganye ya motsa, Awara ta sulmiyo daga bishiyar, ta taho a guje tana tuntuɓe, ta miƙe tsaye ta dafa wayar daidai inda yake, tana kuka irin na ɗan akuya. Likita Qiao ta dube ta, ta dube shi.

"Kawu Ran," ta ce a hankali, "tun yaushe?"

"Tun zaftarewar ƙasa."

Ba ta yi masa faɗa ba, ya ce da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Aka janye shi daga gefen dutsen, aka ba Awara wasu watanni ko za ta manta. Ina! Duk lokacin da ta ji muryar dattijo sai ta sauko nema. Daga ƙarshe aka yanke cewa ba za ta daji ba, aka kawo ta gandun panda na cikin gari, inda baƙina ke zuwa kallo. Shoulin ya ajiye aiki da kansa, ya zo da jakarsa ya shiga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalata.

Yana shara, yana canza zanin gado, yana raka baƙina masu zuwa gandun tashar bas da sassafe, don in rana ta ɗaga panda barci suke yi. Daga tasha yake juyowa. Surutun ya ragu har maƙwabta suna tambayata ko ba shi da lafiya. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, bai taɓa taka gandun ba. Amma duk baƙon da ya dawo, sai Shoulin ya karɓi wayarsa ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana neman mai tabo a ƙafar baya.

Na gaji da ganin haka. Wata safiya na sa takalmina na ce, "Tashi mu je. Abin da ya faru ya faru. Daji dai ta rasa shi, to ko kai ta samu mana. Kai ma ka samu wanda zai ji muryarka ya yi murna."

Ya yi gardama, na fi shi baki a ranar. Ya sa rigarsa mai kyau, har da taje kai.

Mutane maƙil, kowa da waya a sama, rabinsu da hular kunnen panda. Muka kutsa har bakin shingen. Tana nan zaune a kan wani dandamalin katako, ta zama ƙatuwa, ta juya wa jama'a baya tana ɓare gora. Shoulin ya nuna min tabon. Ta ko'ina kiranta ake yi, da yarenmu da yarukan da ban sani ba, wasu na tafa hannu, wasu na yi mata fito, duk don ta juyo a ɗauki hoto. Mai gadi na yawo da allon a yi shiru, ba mai kallonsa.

"Kira ta," na ce.

Ya gyara murya. "Awara," ya ce a hankali. Sannan ya ɗan ɗaga. "Awara! Baba ne. Ya ƙafar?"

Ta miƙa hannu ta jawo wata gorar.

Ya sake kira da ƙarfi, har wani saurayi kusa da mu ya yi dariya ya taya shi, "Awara! Awara!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Shekara biyu tana shan muryoyin dubban mutane daga safe zuwa yamma, tasa ta zama ɗaya daga ciki. Da ta ƙoshi ta kwanta a kan ɓawon gorar, ta rufe fuska da hannu.

Ni ce fa na jawo shi. Na kama hannun rigarsa na ce mu tafi, ƙila ba ta ji ba ne, hayaniya ta yi yawa.

"Ta ji, Yaya," in ji shi. Bai ɗauke ido daga kanta ba. "Ina ma a can dutsen ta yi min haka."