Yadda Sai-Gobe Ya Gyara Taga

Da asuba na same shi a durƙushe yana share ƙarƙashin tebur, sai na tsaya a bakin ƙofa na murza idona. Mijin yayata ne, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin tsintsiya a hannunsa ba sai ranar.

Sai-Gobe muke ce masa, yana kuma amsawa. Ba mugu ba ne. Ba ya zagi, ba ya yawon banza. Shi da aiki ne dai ba su haɗa hanya ba. Da can takardu yake bugawa a wani ofis. Da ofishin ya rufe aka bar masa tsohuwar kwamfutar da yake aiki da ita, ya kawo ta gida ya lulluɓe da zane, ya ce gobe zai buɗe shago. Ni mai walda ne, shagona yana bakin layinsu, kuma abin da hannu bai taɓa ba ba na kiransa aiki.

Ɗakinsu kuwa sai wanda ya gani. Taga ta kumbura ba ta buɗuwa, rufi yana yoyo, soket yana tartsatsi. Yaya ta yi magana har bakinta ya gaji. Ita shara da goge-goge take yi a asibiti. Da annoba ta shigo, aka ce ma'aikata su riƙa kwana can don kada su kai wa iyalansu cuta. Ranar da za ta tafi ni na ɗaukar mata jaka. Ta tsaya a tsakar ɗaki ta ce, "Malam, ka buɗe kunne. In aka sallame mu na tarar da ɗakin nan yadda yake, gidan ƙanina zan wuce."

"Haba, ke kuwa. Ai gobe..."

"Na sani," ta ce, ta fita.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni yana washe baki. Wai ya ji a rediyo masu bincike suna neman taimako. Lissafin da za su yi don gane siffar ƙwayar cutar ya fi ƙarfin injinansu, shi ne suke yanyanka shi ƙanana suna tura wa kwamfutocin mutane a gidaje. Kai dai ka sa manhajar, ka bar kwamfuta a kunne. Ita za ta yi lissafin ta mayar musu, su turo wani.

"Ka gane, ƙanin mata? Ina kwance ina yaƙi da annoba. Ana samun magani, yayarka ta dawo gida."

"Taga ta ce, ba ta ce magani ba."

"Kai dai ƙarfe ka sani. Wa zai yi wa mutumin da ya ceci duniya maganar taga?"

Wato ya auna, ya ga raba duniya da annoba ya fi masa sauƙi a kan kankare gefen katakon taga.

Sai dai ba a gaya wa kwamfutar cewa hutu aka shirya ba. Tsohuwa ce. Tana fara lissafi sai ta ɗau zafi, ta yi ta gurnani kamar babbar mota a hawa, can ta mutu. Ga shi in ba ka mayar da naka kason a kan lokaci ba, wani ake ba. Wannan ne ya sosa masa rai.

"Wai wani can a wata ƙasa ya ƙarasa min aikina?"

"Ai ka saba," na ce. "Yaya ta daɗe tana yi."

Bai yi dariya ba. Ya kwance bayan kwamfutar, ya tarar da ƙura kamar audugar katifa. Ya share ta, ya ga daga ɗakin take shaƙa, ya share ɗakin. Sharar da na tarar da shi yana yi ke nan. Zafi bai sauka ba, sai ga shi a shagona da takunkumi a fuska yana neman aron guduma da magagari. Kafin yamma tagar da ta yi shekaru a liƙe tana buɗuwa. Soket ya yi tartsatsi ya kashe masa lissafin da ya kusa ƙarewa, washegari ya sa sabo. Ruwan farko ya ɗiga kusa da tebur, ya hau rufi, ni ina riƙe da tsani ina kallon ikon Allah. In aka ɗauke wuta, shi ne a layi yana turo batir da inbata, na'urar da ke ba kwamfuta wuta daga batir, a baro, gumi har gira.

Ya rame. Hannunsa ya yi kanta. Duk da haka kullum sai ya ce min, "Daɗin abin nan, ba ka yin komai."

Ko lissafinsa ya taimaka wa masu binciken, ban sani ba, shi ma bai sani ba. Babu wanda ya kira shi. Maki dai suke ba shi, makin da ba ya sayen ko ashana, yana nuna min a allo kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Da abin ya lafa aka sallami su Yaya. Na je na ɗauko ta. Duk ta rame, igiyar takunkumi ta yi mata shaida a bayan kunne. Ta shiga ɗakin ba ta zauna ba, jakarta tana hannuna. Ta tura taga da yatsa ɗaya, ta buɗe. Ta ɗaga kai ta duba rufi. Na ga fuskarta ta fara sakewa.

"Malam, duk kai ka yi wannan?"

Ina ta ƙyafta masa ido ya yi shiru. Ina!

"Ai dole," ya ce, yana shafa kan kwamfutar. "Ba ta jure zafi."

Injin yana ta gurnani. Yaya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan hannayensa.

"Ajiye jakar," ta ce min. Sannan ta juya gare shi. "Na yi watanni ina jin kukan inji a kan mutanen da ba su tashi ba. Ba zan kwana da wannan ba. Ka nema mata wuri."

"Tana tsakiyar lissafi fa."

"To ta ƙarasa a wani wurin."

Nan na ce a kawo ta shagona. Ya riƙe min hannu yana godiya, wai ashe ina da kishin al'umma. Ni da nake gyara ƙofar kowa, tawa ta lanƙwashe, rufina kuma ya fi nasu yoyo, lokaci ne ban samu ba. Na ajiye masa tebur daidai inda ɗigon ya fi yawa.

Jiya da yamma ina rufe shago na hango shi a kan tsani a jikin shagon, ƙusoshi a baki, yana kallon gabas. Ya zare su ya leƙo.

"Ƙanin mata, miƙo guduma. Hadari na tasowa."

Na miƙa masa. Ya daidaita kwano da gwiwa, ya fara bugu.