Saura Taƙi Ɗaya

Ina alwalar la'asar a ƙofar gidana a Fagge, masinjan gidan waya ya jingine kekensa ya miƙo mini takarda. Maƙwabcina ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya yi salati. Ɗana na fari, Sabi'u, da ke karatu a kwaleji a Gombe, ya rasu ranar Talata, an kuma rufe shi a ranar. Shekarar da aka bar fam aka koma naira ke nan.

Mahaifiyarsa ba ta yi kuka ba. Ta hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Ta shiga ɗaki ta fito da wata igiyar rama mai ƙulli a ƙarshenta. Da hutun da ya wuce ta tsayar da shi jikin bango, ta hau turmi ta auna shi, don a saƙa masa tabarmar da ƙafafunsa ba za su leƙo ba.

"Malam, tafi da wannan," in ji ta. "Yara da yawa ne a makaranta. Ana kuskure. Sai na san yaron nan ne."

Kano zuwa Bauchi

Na fita kafin assalatu, na sami gaban wata babbar motar gishiri. Muka yi asuba a Wudil. Direban mai surutu ne, tun daga Birnin Kudu yake ba ni labarin sababbin motocin da suka cika hanya.

"Baba, kasuwa za a je Gombe, ko biki?"

"Ɗana zan gani."

"Madalla. A gaishe shi."

Na ce zai ji. A Ningi ya sayo ƙosai ya ajiye mini a cinya, har Bauchi ban taɓa ba. Muka isa bayan la'asar, babu sauran motar Gombe. Na kwana a rumfar tasha, igiyar tana aljihun gaba.

Bauchi zuwa Gombe

Da safe na shiga ƙaramar bas. A gadar Dindima sojoji suka sauke mu. Wani ya lalubo igiyar, ya tambaye ni ko akuya zan saya. Na ce a'a. Ya dube ni, ya mayar mini da ita da hannu biyu. Muka shiga Gombe rana tsaka.

A kwaleji aka haɗa ni da malamin wasanni, Malam Yila, mutumin Tangale. Ya kai ni wani fili na siminti, da dogon ƙarfe a kowane gefe, da zobe a samansa. Sabi'u ya sha gaya mini yana ƙwallon kwando. Na duba ko'ina ban ga kwando ba.

Samari huɗu suka zo suka durƙusa. Wani gajere mai faɗin kafaɗa ya yi magana.

"Baba, a nan ya yi tsalle ya jefa. Da ya sauko sai ya zauna. Muka ce Giginya, tashi mana, wasa bai ƙare ba."

Wani siriri mai ɗan ranƙwafawa ya ce, "Ta shiga, Baba."

"Wa ta shiga?"

"Ƙwallon."

Suka raka ni maƙabarta. Bayan addu'a na roƙe su su ba ni wuri. Na shimfiɗa igiyar a gefen kabarin, ya fi ta tsawo. Amma kowane kabari ya fi mai shi tsawo. Ban sami abin da zan gaya wa mahaifiyarsa ba.

Malam Yila ya ce, "Baba, akwai kayansa a Nasarawo, wurin wani mai katako. Kusan kullum da yamma can yake."

Ban taɓa jin wannan ba.

Nasarawo

Malam Buba tsohon Bafulatani ne mai yin ƙafafun gado da na kujera. Injinsa da ƙafa ake takawa kamar keken ɗinki, itace na juyawa, shi kuma ya kara masa ƙarfe mai kaifi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ɗanka ya ci mini maɗaci kamar gara," in ji shi. "Na ce koyi ƙafar gado ka sami na sabulu. Ya ce gadon wa, tunda babu wanda ke ɗaukarsa?"

Ya ɗaga asabarin bayan rumfa. Sai na ja da baya.

Mutum biyar ne a tsaye. Haka idona ya fara gaya mini. Da na sake dubawa, ginshiƙai ne na itace, gaɓa-gaɓa, an soka wannan cikin wannan, sumul kamar an shafa musu mai. Babu ido, babu baki, babu hannu. Wani wuri ya kumbura, wani ya tsuke.

"Gumaka yake yi?" Muryata ta fi yadda na so ƙarfi.

"Liman ma ya zo ya duba. Ya ce taɓarya ce ta yi girman kai."

Ban yi dariya ba, domin na riga na gane su. Ga gajeren nan mai faɗin kafaɗa. Ga siririn nan, har ranƙwafawarsa. Samarin da na gani sau ɗaya tak, ga su a itacen da ba shi da fuska. Na zagaya su a hankali. Ban san hannun yaron nan ya iya gani haka ba.

Na biyar yana baya, ya fi su duka tsawo, ya ɗan karkata hagu. Haka Sabi'u yake tsayawa a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa in yana jiran a ce ya shigo. Samansa a yanke yake, da rami a tsakiya.

Na hau benci. Malam Buba ya danne bakin igiyar a ƙasa da babban yatsansa, na ja ta sama. Itacen ya ƙare, igiyar ba ta ƙare ba. Daga ramin zuwa ƙullin, taƙi ɗaya.

"Ga shi can," in ji Malam Buba.

Wani guntun maɗaci ne ɗaure a injin, rabinsa ya yi sumul, rabinsa da ɓawo. Ya ce tun Litinin yake nan, ya kasa kwance shi, aikin mutane na jira. Ya ce yana share wurin kowace yamma, da safe ya tarar da ɗan garin itace a ƙasa.

"Gara ce," na ce.

"Gara ba ta cin maɗaci, Malam. Ɗazu wasa nake."

Daga baya ya ce in na yarda zai ƙarasa, aikin ɗan lokaci ne. Na sa hannu a kan guntun. Rumfar a inuwa take, amma da ɗumi na ji shi. Na ce a kwance mini shi yadda yake.

A zaurensa na kwana. Da safe muka zare gaɓoɓin na biyar ɗin muka sa a buhu. Sauran huɗun na ce a bai wa masu su.

Komowa

Ta Bauchi na sake biyowa, buhun a tsakanin ƙafafuna. Ɗan kamasho ya so ya ɗora shi saman mota, na ce zan biya masa kujera. Na isa Fagge washegari da hantsi. Ina godiya ga Allah, da Malam Yila, da Malam Buba, da direban da na yi wa alkawarin gaisuwa.

A tsakar gida na harhaɗa shi. Mahaifiyarsa ta fito ta tsaya. Ta daɗe tana kallon karkatar nan. Sannan ta jawo turmi ta hau, ta karɓi igiyar ta auna da kanta. Ta riƙe abin da ya rage a tsakanin yatsunta.

"Sabi'u," in ji ta. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Ta sauko ta ce a shimfiɗa tabarmi, a gaya wa mutane.

Yana nan a ɗakinta, bayan ƙofa. Guntun yana cikin buhu. Akwai masu irin injin nan a Kano, amma har yau ban kai an ƙarasa shi ba.