Yaya Man-gi da Maƙeriya Mai Hannu Ɗaya

Seol Man-gi ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a hannunsa na koyi hanyoyin garin Gimhae lokacin da na fara tuƙin bas. Shi ya sa har gobe Yaya nake ce masa. Gajere ne kakkaura, ga sanƙo, ga murya kamar ta mai tallar kifi. Duk direbobin tasharmu sun san ba a faɗa a motarsa. In fasinja biyu suka kaure da cacar baki, sai ya faka a gefen titi, ya buɗe ƙofa, ya naɗe hannu, har sai sauran jama'a sun raba su da kansu.

Yadda ya shiga harkar wasa abin dariya ne. Ɗansa yana sakandare ya tare a shagon wasan kwamfuta na bayan kasuwa, ba karatu ba barci. Wata Asabar Yaya ya tafi da niyyar jawo shi da kunne, ya tarar da shi a tsakiyar yaƙi.

Yaron ya ce, "Baba, bari mu gama da wannan dodon. In na tashi yanzu, abokan tafiyata duk mutuwa za su yi saboda ni."

Yaya ya ga ai wannan maganar mutunci ce, sai ya ja kujera ya zauna yana kallo. Yaron ya girma, ya gama jami'a, ya koma Seoul, ya manta da wani wasa wai shi Kogin Toka. Uban ne ya zauna daram.

Da ya yi ritaya sai ya kafa tasa rundunar a cikin wasan, ya sa mata suna Tasha ta Ƙarshe, ya ja ni da ƙarfin tsiya na shiga. Mun haura talatin. Akwai ɗalibai, akwai likitan haƙori, akwai Suman, ɗan Nepal mai walda a masana'anta. Akwai Do-hyeok mai kai abinci a babur, wanda bakinsa ya fi takobinsa kaifi, da Na-gyeong, ma'aikaciyar jinya, wadda ita kaɗai ke iya taka masa burki. Sai mai maganinmu, wato wadda ke warkar da mu in an ji mana rauni a fagen fama, da muke kira Barkono. Ba ta taɓa magana da murya ba, rubutu kawai take yi, shi ma gajere. Duk Asabar da rana mukan haɗu mu fita farautar dodo. Yaya ne mai garkuwa, shi ke shiga gaba ya sha duka domin mu na baya mu samu sarari.

Ana nan sai kamfanin wasan ya fito da sabuwar jaruma: maƙeriya, baƙa, ta manyanta, gashi a aske, hannu ɗaya. A lokaci guda kuma suka canza wa tsofaffin jarumai mata tufafi, suka zuba musu dogayen riguna har ƙasa.

Kafin gari ya waye intanet ta kama da wuta. Wasu suka ce masu wa'azi sun ƙwace kamfanin, suna kwaikwayon Turawa, suna ɗura wa mutane abin da ba su nema ba. Wasu suka ce duk mai ƙorafi maƙiyin mata ne, maƙiyin baƙi. Aka ɗauki hayar motoci masu allon lantarki suka je ƙofar kamfanin suna haska zagi. Masu nuna wasa kai tsaye suka ga kasuwa ta buɗe, suka ajiye wasan suka koma hura wuta. Kamfanin ya ba da haƙuri, ɗaya ɓangaren ya fusata, sai ya sake ba da haƙuri a kan haƙurin da ya bayar.

Wutar ba ta tsaya a waje ba. A zauren hirar rundunarmu na intanet Do-hyeok ya rubuta, "Duk wanda ya zaɓi matar nan, kada ya tsaya kusa da ni."

Na-gyeong ta ce, "Da ma wa ke son tsayawa kusa da kai? Fatarta ce ta tsone maka ido ko shekarunta?"

"Yaya Na-gyeong, ki je ki yi wa marasa lafiya wa'azi. Ni hutawa na zo yi."

"To huta mana! Bakinka ne ya ƙi hutawa."

Da farko mun ɗauka irin tsokanar da suka saba ce. Amma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ka buɗe zaure da safe, faɗa. Ka dawo daga aiki, faɗa. Sai mutane suka fara sulalewa ba sallama. Wata Asabar muka haɗu, ko rabin waɗanda ake buƙata don shiga kogon dodo ba mu kai ba.

Na sami Yaya a gida yana yanka kankana. Na ce, "Yaya, ka yi irin ta da mana. Ka faka motar ka naɗe hannu."

Ya ce, "Kai ma dai, Ho-seop. Wa zai raba faɗan? Fasinjojin ai sun riga sun sauka."

Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mai waya ya kira shi, marar waya ya tura masa saƙo. Ba roƙon kowa ya yi ba, tambaya kawai ya yi: me ya kore ka? Abin da ya ji ya ba shi mamaki. Waɗanda suka tafi saboda maƙeriya ba su cika hannu ba. Likitan haƙori ya ce shi ko ganinta bai yi da kyau ba. Yini yake yi a kan bakunan mutane, in ya dawo gida ba ya son ganin baki a buɗe. Wata ɗaliba ta ce ta zaɓi maƙeriyar sau ɗaya a filin da kowa ke shiga, aka zage ta tas. Washegari ta zaɓi tsohuwar jarumarta, wasu kuma suka ce ta ci amanar mata. Gaba kura baya sayaki, sai ta goge wasan ta huta.

Yaya ya ce da ni, "Ka gani? Kowa yana magana a kan matar nan, amma ban ji wanda ya tuƙa ta ba. Yaushe aka fara kushe mota ba a hau ba?"

Ya ajiye jaruminsa mai garkuwa da suka yi shekaru tare, ya ɗauki maƙeriya. Yatsun ɗan sittin da ɗoriya ba sa koyon sabon abu da sauri. Na sha zama kusa da shi a shago ina kallon yadda yake ɗaga guduma bayan abokin gaba ya riga ya wuce. Ga zagi kamar ruwan sama: ɗan koren kamfani, karen Turawa, tsohuwar banza. Shi kuwa gyara tabarau yake yi ya rubuta, "Na gode, ɗana. Ka kula da hagunka, suna zuwa."

Wani ya naɗi wannan ya watsa. Nan da nan tsohon direba mai maƙeriya ya zama abin magana. Wata mai nuna wasa kai tsaye, cikin masu goyon bayan sabuwar jarumar, ta gayyace shi hira. Na ce kada ya je, so suke su mai da shi tutar ɓangarensu. Ya ce an gayyace shi da ladabi, zai amsa da ladabi.

Ta ce, "Kawu, faɗa wa masu kallo dalilin da ya sa ka tsaya wa wannan jaruma."

Ya ce, "'Yata, ni ba tsaya mata na yi ba, tuƙa ta na yi. Labarinta ya yi mini daɗi, yadda ta rasa hannun wajen fitar da almajiranta daga gobarar maƙera. Kuma na ɗauki baƙaƙe da farare a motata, ban ga wanda kujera ta ƙi ba. Masu zaginta saboda fata su ji kunya. Amma gudumarta nauyi gare ta, kafin ta ɗaga an gama yaƙi. Dogayen rigunan nan kuwa, wanda ya ɗinka su bai taɓa ganin doki ba. In jaruma ta hau, rigar ratsa cikin dokin take yi ta fito ta ƙasa."

Mai hirar ta yi dariyar yaƙe ta sauya magana. A ranar ɓangarorin biyu suka haɗu a kan abu ɗaya karon farko, wato zagin Yaya. Ni kuwa ina cikin bas a tasha ina kallo a waya, ban san sanda na buga sitiyari ba har hon ya tashi.

Bayan haka ya kira taro ido da ido, a wani shagon taliya mai sanyi kusa da kogi, da rana tsaka. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Do-hyeok ya zo da hular kwano a hannu, ya zauna a ƙarshen tebur yana cin magani. Na-gyeong ta zauna a ɗaya ƙarshen. Can sai ga wata mata 'yar siririya da hular gona, ta ajiye kwalin tumatir, ta sunkuya ta gaishe mu da irin harshen da kana ji ka san ba a nan aka haife ta ba.

"Ni ce Barkono. Sunana Huyen. Daga Vietnam na zo aure, muna noman tumatir a bayan gari."

Do-hyeok ya ƙware da ruwa. Matar da ta tashe shi daga mutuwa a cikin wasa ba adadi ke nan.

Na-gyeong ta yi murmushin nasara ta ce, "Yauwa! Yaya Huyen, faɗa masa yadda kika ji da kika ga maƙeriyar."

Huyen ta ce, "Haushi na ji. Yini nake a rana, hannuna duk kanta. In na shiga wasa, gimbiya nake so in zama, mai fukafukai da gashi har gadon baya. Wa ya ce musu ina son in sake zama mai wahala?" Ta juya ga Do-hyeok. "Amma kai, ƙanena, abin da ka rubuta a kan masu duhun fata na karanta. 'Yata ma ta karanta a bayana. Shi ya sa ban taɓa buɗe murya a cikinku ba."

Kunnuwan Do-hyeok suka yi ja. Ya miƙe, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya daɗe a haka.

Suman mai walda ne ya kwance zaman. Ya ce shi kam yana son maƙeriyar, domin tunda yake bai taɓa ganin jarumi mai sana'arsa ba, kuma duk wanda ya zana tartsatsin nan ya san wuta. Do-hyeok ya zauna, murya ƙasa-ƙasa ya ce shi abin da ya ƙona masa rai, kayan yaƙin da ya yi wata da watanni yana fafutukar samu aka canza dare ɗaya ba a tambaye shi ba, da ya yi magana kuma aka ce shi mugu ne.

Yaya bai yi dogon jawabi ba. Ya ce, "Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mai son maƙeriya ya ɗauka, marar so ya bari, ba mai tambayar wani dalili. A kushe guduma, a kushe riga, a kushe kamfani har gobe. Amma ranar da aka taɓa fatar wani ko uwar wani, ni da kaina zan buɗe ƙofa. Ku ci taliya kafin ƙanƙarar ta narke."

Ba kowa ya dawo ba. Na-gyeong ta ce Yaya ya yi sassauci da yawa, ta koma wani wasan, ko da yake tana aiko masa da gaisuwa duk sabuwar shekara. Likitan haƙori ya koma kamun kifi. Kogin Toka kansa bai sake cika kamar da ba, manyan rundunonin da muke jin tsoro suka watse ɗaya bayan ɗaya. Amma labari ya bazu cewa akwai wata runduna ta tsohon direba inda ake wasa kawai. Waɗanda rikici ya kora suka riƙa ƙwanƙwasa mana ƙofa, har ɗalibar nan ta sake sauke wasan. Ranar da muka kayar da dodon kogo, da maƙeriyar Yaya a gaba muka kayar da shi, kuma a ranar muka fara jin muryar Huyen, tana ihu da yarensu.

Bana aka yi wa Yaya aikin yanar ido, likita ya hana shi kallon kwamfuta na ɗan lokaci. Ya damƙa wa Huyen ragamar runduna. Na je duba shi na tarar da babur a ƙofar gida. Do-hyeok ne ya kawo masa kunun shinkafa da kaza, yana tsaye yana buɗe roba.

"Kawu, har yanzu fa ina nan a kan bakana. Matar nan ba ta da kyau."

Yaya, da bandeji a ido ɗaya, ya ce, "Kai ma ba ka da kyau, muka riƙe ka. Miƙo cokali."