Sifilin Baba

A ofishin kula da yanayi babu mai kiransa da sunansa na yanka. Malam Sifili ake ce masa, daga masinja har darakta, shi kuma yana amsawa da fara'arsa. Aikinsa bai taka kara ya karya ba a idon jama'a. Kullum ƙarfe tara na safe zai jingine kekensa a jikin wayar da ta kewaye ɗan filin tasharsa, ya ɗaga mazurarin ma'aunin ruwan sama, ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, sannan ya rubuta. Ranar da ba a yi ko ɗigo ba ma sai ya je, ya leƙa, ya kifa kwalbar, ya rangaɗa sifili zagayayye kamar an buga da hatimi. Shekara talatin da ɗaya yana wannan.

Matarsa ba ta gajiya da tsokanarsa. "Mutum yana ganin rana tana tsaga ƙasa, amma sai ya je ya tambayi gwangwani ko an yi ruwa."

"Ke ba za ki gane ba," yakan ce yana ɗaura agogo. "Sifili yana nufin na je na duba, babu. Gurbin da aka bari fili yana nufin ban je ba. Ba ɗaya ba ne."

Kwana goma sha ɗaya kacal ya taɓa barin gurbi fili, kuma ya san su a ka: uku na rasuwar mahaifiyarsa, bakwai da ya karye a ƙafa, sai ranar da aka haifi Auta. Ita kuwa Auta ta ji wannan karatu na sifili ya fi sau dubu, tun tana zama a bayan kekensa tana riƙe masa kwalba. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ci mata rai daga baya.

Auta ta girma ta zama mai rubuta manhaja, kuma ba laifi, kanta yana ja. A wani ɗan ɗaki mai tebur huɗu da fanka mai kuka ta rubuta abin da masu sana'ar suke kira laburare: wani guntun aiki da ake sakin sa kyauta, duk mai gina manhaja ya ɗauka ya jona a tasa. Nata aikinsa ɗaya ne. Yana ɗaukar bayanai masu gurbi-gurbi, wato suna nan, kwanan wata nan, adadi nan, ya naɗe su cikin rubutu guda da za a iya aikawa ko ajiyewa, in an tashi buƙata ya warware su kowa ya koma gurbinsa. Ta yi masa zaɓuɓɓuka kamar makunnan wuta: a jera gurabe bi da bi ko a bar su yadda suka zo, a rubuta kwanan wata ta wannan siga ko waccan, a tsaya in an ga gurbin da ba a sani ba ko a wuce.

Akwai kuma zaɓi ɗaya da take ji da shi: a yar da gurbin da babu komai, don fayil ya yi sauƙi a inda intanet take jan ƙafa. Ta bar shi a kunne tun asali, sai wanda ya ga dama ya kashe. Wa yake karanta takardar bayani har ya kashe? Babu. A layin da yake tantance mene ne "babu komai" kuwa, ta yi gaggawa ta haɗa gurbi fili da sifili a kwando ɗaya. 'Yar Malam Sifili guda.

Da ofishin yanayi ya tashi kwashe tsofaffin bayanansa zuwa sabon tsari, waɗanda aka ba kwangilar suka yi amfani da laburaren Auta. Baba ya ji labari, bakinsa ya ƙi rufuwa. Mai facin keke ma sai da ya ji cewa yanzu duk ruwan saman ƙasar nan ta hannun 'yarsa yake bi.

Wata uku bayan nan sabon shugaban sashe, wani matashi mai son ganin komai a jadawali, ya sa aka fitar masa da rahoton tashoshi. Sauran ma'aikata sun saba barin ranakun rani fili, an kuma san su da haka, babu wanda ya taɓa yabonsu. Amma tashar Malam Sifili, wadda ake kafa misali da ita, ta fito da gurabe fili sama da dubu bakwai. Shugaban ya ce ashe yabon banza ake yi wa tsoho. Littattafan hannu kuwa an riga an kwashe su an zubar bayan an shigar da su kwamfuta. Saura wata takwas Malam Sifili ya yi ritaya aka miƙa masa takardar barin aiki mai kalmar sakaci a layi na biyu. Ba taron sallama, ba hoto. Ya ɗauro rigar ruwansa da kofin shayinsa a bayan keke ya dawo gida.

Auta ta yi fushi na kwana biyu, sannan ta yi abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Ta ja Mama kicin ta ce, "Kwamfuta fa ba ta ƙirƙira, Mama. Ko dai mantuwa ce ta fara kama shi? A kai shi likita ya duba." Aka kai shi. Har ƙwayoyin ƙara kaifin tunani ta sayo masa, ya karɓa ya sa mata albarka.

Kusan shekara ta zagayo. Wata ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo shafin laburaren daga wani baƙo mai manhajar gidan kaji. Ya ce duk ranar da kaji ba su yi ƙwai ba, in ya rubuta sifili ya naɗe ya warware, sai ranar ta dawo masa kamar ba a leƙa kejin ba. Auta ta yi dariya, ta buɗe layin, ta gyara shi kafin shayinta ya huce. Ta rubuta a bayanin gyaran cewa sifili adadi ne, ba fili ba ne. Tana karanta jimlar a karo na biyu ta ji ta da muryar Baba. Ta tashi ta shiga banɗaki ta kulle, ta daɗe tana kallon famfo.

To, da a ce ta garzaya gida a ranar, da na yaba mata. Ba ta je ba. Mako biyar ta yi tana ɗauke da abin. Ta gaya wa kanta sai ta tabbatar. Ta gaya wa kanta laifin 'yan kwangila ne da ba su karanta zaɓuɓɓuka ba, alhali ta san wanda ya bar makunnin a kunne. Duk Asabar takan je gida, ta tarar da Baba a baranda, ya rame, yana shan ƙwayarsa a kan lokaci. Wani lokaci ya tashi zai ɗauko abu, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi Mama, "Na rufe famfo kuwa? Duba mini, ni yanzu ban yarda da kaina ba." Auta takan ture kwanon abincinta ta tashi.

A mako na shida ta shiga ofishin yanayi. Wata tsohuwar akawu, wadda ita ta buga littattafan Baba da yatsunta, ta jawo aljihun tebur ta fito da faifan ainihin fayil ɗin. "Na ƙi yar da shi," ta ce. "Yatsana ya kusa karyewa a kan sifilin babanki, sannan a ce mini babu su?" Auta ta sake bi da bayanan ta gyararren laburare a gaban shugaban sashe. Gurabe fili suka dawo goma sha ɗaya.

"Yallaɓai, kuskurena ne," ta ce. "Ni na rubuta layin."

Shugaban ya cire tabarau ya sosa ido. Ya ce zai rubuta takardar wanke shi, za a kuma yi masa taro. Ya faɗa da gaske, amma bai iya kallon tsohuwar akawun ba.

Da la'asar ta sami Baba a baranda. Ta durƙusa ta ajiye takardun a cinyarsa, shafi bayan shafi, sifili a jere. Ta zayyana masa komai, har da mako biyar ɗin, don ta gaji da ɓoyo. Ya sa tabarau ya bi da yatsa a hankali. Ya tsaya a kan gurbi guda fili.

"Wannan ranarki ce," ya ce.

"Baba, me ya sa ba ka yi musu ba? Kai da ka san ranakunka a ka."

"Da farko na san na je. Har na buɗe baki zan yi magana, sai yaron nan ya ce da aikin 'yarka aka fitar. To in ce musu me? Aikin Auta ne ya yi ƙarya?" Ya gyara takardun. "Daga baya da kika ce a kai ni likita, sai na ce shi ke nan, ita ma ta gani. Wataƙila ina kwance nake mafarkin na je."

Auta ta kifa goshi a gwiwarsa. Kukan ma ya ƙi fita da kyau.

"Ki yi shiru mana," ya ce. Sannan ya sassauta murya, yadda Mama ba za ta ji daga kicin ba. "Auta, gaya mini da bakinki. Ashe na je?"

"Ka je, Baba. Kullum ka je."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu kan taga ya ɗauko kwalbar ƙwayoyin da ta saya masa, ya juya ta a tafinsa.

"To wannan fa," ya ce, "in ci gaba da sha, ko in bari?"