Kunun Kanwar Kaka

Shekaranjiya na dafa ganyen dogon yaro don wankan ɗiyata da ta haihu. Da tururin ya bugi hancina sai na tsaya riƙe da murfin tukunya, na manta abin da ya kai ni murhu. Warin nan mai ɗaci ya mayar da ni ƙauyenmu na wajen Barmu, gidan kakata ta wajen uba.

Kaka ce mai wankan jego a ƙauyen, kuma ba ta wasa da aikinta. Ku da kuka tashi da famfo a Tawa ba za ku san abin da tukunyar ruwan zafi take nufi a can ba. Rijiyarmu sai an haɗa igiya da igiya, itace kuwa sai an yi tafiyar rabin yini. Amma in mace ta haihu, Kaka ba ta jin wannan. Safe da yamma ruwa ya tafasa, ta tsoma ganye ta yi ta fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi ja, sannan ta ɗora ta bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Bayan nan sai kunun kanwa, ƙwarya cike. Kanwar daga Buzaye take saye in sun sauko da raƙuma, ta lasa, ta tofar, ta ce wannan ta dabbobi ce, su kawo ta kirki. Abin da take tsoro ɗaya ne, sanyi. In sanyi ya shiga mai jego, in ji ta, ya zauna ke nan.

Ina ƴar ƙarama gwaggona, autar Kaka, ta dawo gida haihuwar fari. Mace ce mai dariya, ita ke yi mini kitso tana tsokanata wai kaina kamar tulu. Lokacin bazara ne, ko kaji sun buɗe baki, amma wutar gadonta ba ta mutu ba. Bayan suna sai ƙafafunta suka fara kumbura. Ta daina kwanciya, sai dai a jingina ta da bango, tana tari, numfashinta yana fita da ƙyar. Matan gida suka taru suka ce sanyi ne ya riga su. Kaka ta sayar da akuyarta ta ƙara itace, ta ƙara kanwa a kunu har ya koma kore. Na ji ta tana lallashinta.

"Sha, ɗiyata, daure ki shanye. Ba ni barin sanyi ya ɗauke mini ke."

Gwaggo ta sha don kar ta ɓata mata rai. Ba ta kai arba'in ba. Har Kaka ta bar duniya tana cewa sakacinta ne, da ta fara ƙara kanwar da wuri da ba ta rasa ta ba. Ni ma haka na ɗauka, haka na girma da shi, kuma haihuwata duka na sha kunun nan ba abin da ya same ni.

To yanzu ga ɗiyata. Tun tana da ciki aka ce tansiyonta ya hau, wato hawan jini. Ranar da za a sallame mu, ungozomar asibiti ta ja ni gefe, da ta ji ni ce zan yi wankan. Yarinya ce sa'ar ɗiyata, har na so in ce mata me ta sani. Ta ce ruwan ɗumi ya isa, ban da gadon wuta, kuma kanwa ko ƙanƙane kar ta shiga bakin mai jego, don tana tara ruwa a jiki ta gajiyar da zuciya. Sai ta lissafa mini alamun da in na gani mu dawo da gudu: kumburin ƙafa, tari, mace ta kasa kwanciya sai a zaune. Wallahi kamar tana ɗakin gwaggo take ba ni labari. Na nemi benci na zauna.

Tun ranar kaina bai dawo daidai ba. Ashe abin da Kaka take ɗura wa gwaggo da kuka shi ne yake cin ta? To matan da Kaka ta yi wa wanka, da uwata, da ni, yaya muka tashi garau? Na buɗe rediyo, likita yana faɗin maganar ungozoma. Na buɗe waya, wata mai maganin mata tana rantsuwa cewa barin kanwa ne ya sa matan yanzu suke fama da ciwon baya, wani kuma yana cewa jar kanwa ce mai illa, fara ba komai. Kowa da muryar wanda ya sani. Ni da na ga mutuwar gwaggo ni ce ban san komai ba, abin yana ba ni haushi.

Jiya uwar mijin ɗiyata ta zo daga Kalfu da dunƙulen kanwa ƙulle a bakin zane. Ta ɗanɗana kunun da na dama da tsamiya, ta ajiye ludayi. Na yi mata bayanin asibiti, ta saurara har na gama, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Ɗiyarki ce, yaya," ta ce. "Amma in sanyi ya kama ta, ki tuna na kawo."

Kanwar tana nan bisa taga, ban jefar ba, ban jiƙa ba. Ungozoma ta koya mini in danna babban yatsa a ƙafar ɗiyata, in ramin ya zauna to akwai ruwa. Ina yi mata da safe, ina yi da yamma, har ta fara janye ƙafa tana cewa na ishe ta. Yau da na danna ramin ya ɗan jima kafin ya cike, ko kuwa idona ne, ban sani ba. Na kira ɗan adaidaita, na ce wa ɗiyata ta ɗauko mayafinta mu koma asibiti. Muna fita ta tambaye ni a hankali ko don ba ta sha kunun ba ne. Na ce mata a'a da ƙarfi, irin ƙarfin da Kaka take magana da shi, ina roƙon Allah ya sa ni ba kuskure nake yi ba.